Harbi-Ka-Ruga

Ni tafinta ne a kotu, nan Gusau.
Shekara sha tara ina kai magana daga baki zuwa baki
kamar mai ɗibar garwashi da tafin hannu.
Ban taɓa ƙonewa ba sai ran Talatar nan.

Suka shigo da Nomau maƙeri, daga bayan Kwatarkwashi,
ankwa ta yi wa hannunsa kaɗan,
hannun da ya girma tsakanin masaba da zugazugi.
Bindigarsa na kan tebur, an ɗaura mata takarda da zare
kamar akuyar da aka kama a gonar wani.
Ta toka ce, gadon uba.
Harbi-ka-ruga muke ce mata.

Lauyan gwamnati ya gyara farar gizon da ke kansa,
ya jero Turanci, ya dube ni. Na juya:
"Wai da ka ji su a zaure,
ba ka da hanyar ja da baya?
Ba katanga? Ba ƙofar baya? Ba halin kiran hukuma?"

Nomau ya daɗe yana duban fankar da ba ta juyawa.

"Ranka shi daɗe, ja da baya kam mun ja.
Bara waccan munka bar gonar fadama.
Bara munka bar ta tudu, gero ya fid da kai.
Munka bar kasuwa, munka bar kiwo,
munka bar kwana bisa gado.
Kuɗin noma mun biya, na girbi mun biya.
Daren nan daga zaure na ja tsakar gida,
daga tsakar gida na ja bayan rumbu,
daga rumbu sai ɗakin Inna.
Shekara huɗu ƙafarta ba ta taka ƙasa ba.
Ɗiyana ukku na ƙarƙashin gadonta,
'yar autar na tauna zane kada tari shi kubce mata.
Bayan gado, bango.
Ni na gina shi, na san kaurinai.
Waya kuwa, sai an hau dutse take magana."

Na juya shi kaf zuwa Turanci.
Ya fito gajere, kamar rigar da ta sha wanki.
Tarin yarinyar bai tsallaka ba.

"Ka san wanda ka harba?"

"Ilu ɗan Barmo.
Ni na ƙera mishi lauje na fari,
lokacin hannunai bai gama zagaye ƙota ba.
Sai da rawani ya zame na gane shi.
Ɗuri guda gare ta. In ta tashi, an ce ka ruga.
Su sunka ruga. Ni na zauna,
na aza kainai bisa cinyata,
yana kiran uwatai har anka yi assalatu."

Alƙalamin alƙali ya tsaya.
Doka ba wauta ta yi ba, na sani:
rai take tattali, har na wanda ya haura katanga.
Da da hanya, da Ilu na numfashi,
da Nomau na barci.
Sai dai an ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne,
ba a faɗi ta ragon da ke ɗaure a turke ba.

Aka ɗage shari'a zuwa bayan damina.
Ya tambaye ni ko an bar shi ya aika gida,
maganin Inna ya ƙare tun Juma'a.
Wannan ba a sa ni juyawa ba.

Da dare na koma Tudun Wada,
na sa sakata, na kashe fitila.
Yara sun yi barci, Hajara na ninke kaya.
Daga ƙofa na fara ƙirga taku.
Sha ɗaya.
Ta ce, "Malam, me kake aunawa?"
Na dafa bangon. Da sauran zafin rana a jikinsa.